Gara, Maigari Barmo da Mai Sayar da Kabari a Waya

Ku yaran yanzu ba ku da kunya, ba ku kuma da tsoro. An yi rasuwa a gida, gawa na kwance a ɗaki ko wanka ba a yi mata ba, ku kuna tsakar gida kun duƙufa a kan waya kuna neman hoton mamaci wanda ya fi kyau. Shinkafa a waya, takalmi a waya, miji a waya, yanzu har likkafani kun ce sai a waya. Mutumin da ba ku san ƙofar gidan ubansa ba, shi kuke tura wa kuɗi don kawai ya rubuta addu'a da manyan baƙaƙe a saman shafinsa. To ku kife wayoyin nan a ƙasa ku gyara zama, kuma kada wanda ya katse ni. Wanda zan ba ku labarinsa furfura ta kai masa har gira, amma wautar da ya yi taku ce, aro ya yi.

An yi wani maigari a Kwarin Maje ana ce masa Barmo. Mutum ne mai jiki, mai ƙoshin lafiya, mai son a ce ya fi kowa. Abu ɗaya ne ya hana shi jin daɗin tuwo. Duk ranar da ya je jana'iza ya ga an naɗe talaka a farin alawayyo an ɗora a makarar itace, sai ya tuna shi ma haka za a yi masa, babu bambancin ko zare ɗaya.

Wata rana ya ci karo da wani shafi a waya, na wani mai kiran kansa Alhaji Sauƙin Tafiya, wai ofishinsa yana Dubai. Ga hotuna reras. Ga likkafani mai sheƙi, an ce yana yin sanyi da kansa in zafi ya yi. Ga makara mai katifa da matashin kai. Ga kabari a inuwa, an riga an haƙa an share. Har da mutum ɗari biyar da za su raka ka maƙabarta suna faɗin alherinka, wanda ka yi da wanda ba ka yi ba. An ce garaɓasar za ta ƙare ran Alhamis da faɗuwar rana.

Kuɗin ya fi ƙarfin aljihun Maigari. Sai ya ce zai sayar da gonarsa ta fadama, ita ce kuwa ke ciyar da mutum ashirin da ke gidansa. Aka yi da dillali zai kawo mai saye ran Alhamis bayan la'asar, Maigari ya dangwala yatsa, a tura kuɗi.

Ran Alhamis da hantsi yana zaune shi kaɗai a zaure yana yi wa hoton makarar murmushi, sai ƙasa ta zubo daga azara ta rufe fuskar wayar. Ya ɗaga kai, sai ya ji wata siririyar murya.

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni, karin kumallo nake yi."

Maigari ya ce, "Wace ce?"

"Gara ce. Shekarata goma sha biyu a azarar nan, duk shari'ar da ka yanke a kunnena."

"Au, ke ce kike cinye mini zaure, marar mutunci?"

Gara ta ce, "Ni ce. Shi ya sa nake so gonar nan ta zauna. Gidan da ya talauce ba ya sake azara, ni kuwa na kusa gama wannan."

Maigari ya yi tsaki ya ce, "Ke me kika sani game da kayan sutura?"

Ta ce, "Ku ai saye kawai kuke yi, mu ne masu karɓa. Babu likkafanin da ya shiga ƙasa a lardin nan da dangina ba su ɗanɗana ba. Mun san na kasuwar Laraba, mun san saƙin hannu. Irin wannan na wayarka kuwa ko ɗaya bai taɓa isowa wurinmu ba. Ina jin tsoron kada abin da ya sami 'ya'yan Alhaji Maiwada ya sami gidanka."

Maigari ya ce, "Me ya same su?"

Gara ta ce, "Kife wayar tukuna, Allah ya ba ka nasara, sai in faɗa."

Labarin 'ya'yan Alhaji Maiwada

Gara ta ce: A garin Ruwan Baure, Alhaji Maiwada mai goro ya rasu wata Talata da hantsi. Ya bar 'ya'ya maza biyu, Lawandi da Sagiru, masu dogon karatu da gajeren hankali. Kafin a gama wanka maƙwabcinsu ya shigo da farin yadi a hammata, kamar yadda aka saba. Lawandi ya taɓa yadin da yatsa biyu ya ce, "Baba, mun gode, amma Alhaji ya wuce alawayyo. Sagiru, duba mana na ƙasar waje."

Sagiru ya duba, suka zaɓi mai tsada, suka tura kuɗi. Nan take saƙo ya shigo: "Kayanku sun taso." Jama'a kuwa sun cika ƙofar gida har bakin titi, kowa da alwalarsa.

Da azahar saƙo ya ce, "Kayanku sun tsaya shan mai, a ƙaro kaɗan." Suka ƙara. Da la'asar ya ce, "An tare kayanku a hanya, an ce likkafanin ya cika kyau, sai an biya tara." Suka biya. Liman ya aiko sau uku, Lawandi ya ce a yi haƙuri, kaya na hanya. Aka sayo ƙanƙara aka jera a ɗakin, aka kunna fanka. Masu alwala suka fara zamewa ɗaya ɗaya.

Washegari da safe wani saƙon ya shigo: "Sai haƙuri, direban da ya ɗauko likkafanin Allah ya yi masa rasuwa. A turo kuɗin nasa likkafanin da gaggawa, don kada a yi masa sutura da na mahaifinku."

Lawandi ya share hawaye ya ce, "Allah sarki, bawan Allah. A kan hidimar Alhaji ya cika. Sagiru, tura."

Ana cikin haka sai ga Ɗandada mai haƙar kabari, ƙasa har gwiwa. Ya zauna a dokin ƙofa ya ajiye dagi ya ce, "Lawandi, Sagiru, ramin ubanku ya kwana a buɗe, abin da ban taɓa gani ba. Sau biyu ina ciro akuya daga ciki. Kun tuna mini da mutum arba'in da ɗayan nan da suka mallaki kabari guda."

Sagiru bai ko ɗago kai daga waya ba ya ce, "Su wane ne kuma?"

Ɗandada ya ce, "Tun da jira kuke yi, bari in rage muku shi."

Labarin mutum arba'in da ɗaya masu kabari guda

Ɗandada ya ce: A garin su kakata, wani mahauci mai suna Cindo ya sayi kabari a waya. An turo masa hoton wurin, gindin wata tsamiya a bayan gari, da takarda mai jan hatimi. Ran Juma'a ya sa wankakkiyar riga ya tafi ya gano makwancinsa. Yana isa sai ya tarar da Tsahara mai ƙosai tana share wurin.

Ya ce, "Sannu da aiki, Tsahara, na gode. Wa ya gaya miki nawa ne?"

Ta ce, "Naka a gidan wa? Matsa, kana taka mini wajen kai."

Ya zaro takarda, ta kwance tata daga bakin zane. Hoto ɗaya, hatimi ɗaya, har kazar da ke kiwo a gefen hoton ita ce dai. Hayaniya ta jawo mutane, duk wanda ya leƙa takardar sai ya koma gida ya dawo da tasa. Kafin rana ta yi sanyi masu kabari sun kai arba'in da ɗaya. Aka kira mai sayarwa, waya a kashe.

Suka ɗunguma wurin alƙali. Ya jujjuya takardun ya ce, "Rami ɗaya, ku arba'in da ɗaya, ni kuwa ban iya raba rami ba. Wanda ya riga mutuwa shi ke da shi. Ku tashi ku ba ni wuri."

Daga ranar kowa ya sa wa ɗan'uwansa ido. A cikinsu akwai wani tsoho, Malam Dogara, wanda ya shekara biyu a kwance, kowa ya san shi ne a gaba. Cindo ya ce, "Wallahi ba zai ci mini kuɗi ba." Ya riƙa kai masa farfesun hanta kullum. Tsahara ta ɗauki nauyin kokonsa da ƙosai. Sauran suka yi karo-karo suka kai shi asibiti, suka raba kwanakin yi masa fifita. In ya yi nishi sai mutum goma su taso, "Malam, ina ne ke ciwo? Kada ka yi mana haka!" Tsoho ya warke sarai, ya yi kumatu, har ya koma noma.

Haka suka yi ta gadin juna. In Cindo ya hau babur, sai an sami mai binsa yana cewa ya rage gudu. In Tsahara ta tsaya kusa da rijiya, sai an janye ta. Shekara bakwai ba wanda suka bari ya mutu. A ta takwas wani mutum ya dawo daga ci-rani ya tarar da tsofaffi arba'in da ɗaya sun kewaye tsamiyarsa suna hararar juna. Ya ce, "Lafiya? Nan ai filin gadona ne." Ya sare tsamiyar ya kafa injin niƙa.

Ɗandada ya ɗauki daginsa ya miƙe ya ce, "Ni shekarata talatin ina haƙa. Ban taɓa haƙa wa mai rai ba, ban kuma taɓa sara ƙasa ba sai an auna mamaci da kara an kawo mini karan. Duk wanda ya ce ya tanadar maka rami bai auna ka ba, ba ramin ba ne a gabansa. Su waɗancan rayayyu ne, jira bai ɓata su ba. Ku wanda kuka sa jira, ku shiga ɗakin ku shaƙa."

Gara ta ci gaba: Ranka ya daɗe, ka san me Sagiru ya ce? Cewa ya yi, "Baba Ɗandada, waɗannan ai ba su iya waya ba ne. Mu namu ya ce saura kaɗan." Sai ga ƙanwar mamacin, Gwaggo Asabe, ta fito daga cikin gida da muciya. Ta sauke wa Lawandi ɗaya a gadon baya, ta sauke wa Sagiru biyu, ta karɓi yadin maƙwabci ta aika wa Liman. Aka yi wa Alhaji Maiwada sutura aka kai shi. Mutumin da jiya jama'arsa ta toshe titi, sahu biyu ne suka sallace shi, na biyun ma bai cika ba.

Ranar sadakar arba'in sai ga ɗan acaɓa da wani kwali kamar na ashana. A ciki akwai ƙyalle bai kai tafin hannu ba, da 'yar takarda: "A jiƙa shi a ruwa, zai kumbura." Suka jiƙa a baho suka zauna suna kallo har la'asar. Da suka gaji suka yar a bayan gida. Wata 'yar ƙanwata ta ɗanɗana, ta ce leda ce, kwana uku tana ciwon ciki.

Gara ta ce, "Shi Alhaji Maiwada ya yi sa'a, yana da ƙanwa mai muciya da maƙwabci mai yadi. Kai kuwa in gonar nan ta tafi, ranar da ka faɗi iyalinka za su nemi geron gumbar sadaka su rasa."

Maigari ya sosa gemu. Can ya ce, "Nawa daban ne. Da hatimi."

"Ja?"

"Ja," in ji Maigari, murya ƙasa-ƙasa.

"Ya ce a auno ka?"

"A'a."

"To ramin wa ya haƙa? Kai da ko ƙofar ɗakinka sai ka karkace kake shiga?"

Maigari ya ce, "Ke dai ƙwaro ce, kuma baƙin ciki kike yi. In mutumin kirki ne fa, garaɓasa ta wuce ni?"

Gara ta ce, "Akwai sauran lokaci kafin la'asar. A gaya masa ka cika, kuɗin gona na hannun iyali, ya kawo kaya a ba shi hannu da hannu. In ya zo da makara mai katifa, ka sayar da gonar, ni kuma in bar maka zaurenka."

Ban ce ku yi wasa da mutuwa ba, kada in ji wani ya je ya gwada. Amma Maigari ya yi. Ya kira yayarsa Ladidi, tsohuwar da ba ta jin kunyar kowa, da Baba Nomau mai haƙar kabarin garin, ya gaya musu. Ladidi ta ce, "Barmo, tun kana rarrafe na san ba ka da wayo. Kawo wayar." Ta danna lambar Alhaji Sauƙin Tafiya ta kwarara kuka a ciki, ta ce ƙaninta ya tafi, ga kuɗi a ƙullin zane sun rasa wanda za su ba. Maigari ya miƙe a tabarma aka lulluɓe shi da mayafi.

Mutumin da ofishinsa ke Dubai ya iso kafin a kira azahar, a bayan acaɓa. Ya sha babbar riga wadda ta fi shi girma, da hula, da baƙin tabarau, da jaka a hammata. Ya yi sallama da wata murya ta maƙogwaro, ya yi gaisuwa, ya ce, "Hajiya, ina amanar?"

Ladidi ta ce, "Ina kayan?"

Ya buɗe jaka ya zaro wani farin ƙyalle. Ladidi ta warware shi. Labulen taga ne, ko zobban ratayewa ba a cire ba.

"Makarar fa?"

"Tana hanya, ta tsaya shan mai."

Baba Nomau ya miƙe da ƙyar, riƙe da ƙugu, ya miƙa masa dogon karan dawa ya ce, "To Alhaji, bismilla. Tun da ramin naka ne, kai za ka auna. Ba a ba da ko sisi sai an ga kara ya yi daidai."

Mutumin ya dubi kara, ya dubi tudun da ke ƙarƙashin mayafi. Ashe duk cinikin mutuwar da yake yi bai taɓa kusantar gawa ba, ko jana'iza ya je a sahun baya yake tsayawa. Ya ce, "Mu a Dubai da waya muke aunawa."

Baba Nomau ya ce, "Nan Kwarin Maje ne. Tsuguna."

Ya tsuguna daga nesa, ya kau da kai, ya miƙa karan. Bai san ana shimfiɗa kara a gefen mamaci ba, sai ya cusa shi ta ƙarƙashin mayafi, bakin karan ya dinga sosa tafin ƙafar Maigari. Maigari kuwa tun yana yaro ba ya jure cakulkuli. Babban yatsa ya motsa. Ciki ya fara rawa. Sai dariya ta ɓarke a ƙarƙashin mayafi, gawa ta tashi zaune ta damƙe wuyan hannunsa ta ce, "Ina mutum ɗari biyar ɗina?"

Tabarau ya yi gabas, hula ta yi yamma. Mutumin ya fasa ihu da muryarsa ta gaskiya, "Wayyo Allah! Baba ka yafe mini, wallahi ban ci naka ba tukuna! Na 'yan Ruwan Baure na ci, su ya kamata su taso!"

Ladidi ta leƙa fuskarsa ta ce, "Kai! Wannan ba Sallau ba ne, ɗan Mairo mai daddawa, mai cajin waya a tasha? Ɗan banza, ni na yi wa uwarka wankan jegonka!"

Da la'asar dillali ya zo da mai sayen gona. Maigari ya ba su ruwa suka sha, ya ce su gai da gida. Da suka fita ya ɗaga kai ya dubi azara ya ce, "Na ji, na kuma karɓa. Ran Laraba zan je kasuwa da ƙafata in taɓa alawayyo da hannuna, irin wanda aka naɗe ubana a ciki. Rami kuma in lokaci ya yi a kai kara." Gara kuwa bakinta a cike yake, sai dai ƙasa ta ɗan zubo.

Sannan aka tara dattawa aka buɗe wayar Sallau. Aka samu ya sayar da kabari ɗari da sittin da uku, bai haƙa ko ɗaya ba. Abin da ya rage a hannunsa aka mayar wa masu shi. Maigari ya karɓi dagi daga hannun Baba Nomau ya danƙa masa ya ce, "Ka sayar, sai ka kawo kaya. Za ka haƙa su duka a garin nan, kyauta, ɗaya bayan ɗaya. Kuma ka sani, nan ba a haƙa wa mai rai."

Kwarin Maje ƙaramin gari ne mai ruwa mai kyau, da ƙyar ake binne mutum goma a shekara. Bana shekara tara ke nan. Sallau ya haƙa tamanin da huɗu, saura saba'in da tara. Tafin hannunsa ya yi kanta, bayansa ya ranƙwafa, ba mai ba shi 'ya. In tsoho ya yi tari a garin, kafin ya rufe baki Sallau ya iso yana yi masa sannu, yana auna shi da ido.